Farin Yadi Uku da Mala'ikun Kirsimeti

  Mu dai nan Anacha Disamba ta shigo, kuma duk wanda ya san garin ya san abin da nake nufi. Babbar kasuwa ba masaka tsinke, motocin Legas sai sauke masu dawowa hutun Kirsimeti suke yi, gada ta cushe tun daga Asaba. A irin wannan lokaci ne farin yadi yake ƙarewa a shagon Baba, kuma dalilin ƙarewar tasa ne ya sa na yi wannan rubutu.

A Disambar 2005, ina ɗan shekara takwas, ina zaune a shago bayan an tashi daga makaranta sai ga matar mai gidan da muke haya, wadda kowa yake kira Madam. Ta ce, "Alhaji, ba ni farin yadi uku mai laushi." Baba ya tambaye ta ko rasuwa aka yi, domin mu in aka ce farin yadi ai likkafani ne yake fara zuwa a rai. Ta yi dariya ta ce ɗanta ne aka zaɓa a coci, zai fito a matsayin mala'ika Jibrilu a wasan yara na Kirsimeti. Baba ya tsaya da almakashi a hannu, ya ce, "Madam, Jibrilu fa kika ce?" Ya yanka mata, ya karɓi kuɗinsa, amma tana fita ya juyo ya ce da ni, "Wa ya ga Jibrilu balle ya ɗinka masa riga? Kai kuma kada in ji ka je wurin."

Na je. Yaron abokina ne, ajinmu ɗaya. Ta taga na leƙa, na gan shi cikin yadin Baba da fukafukai na kwali da aka manna wa auduga, ɗaya ma ya karkace, ga giɓi a bakinsa. Shi ke nan abin da na sani game da mala'ikun Kirsimeti, har na shiga sakandare.

Makarantar da na yi ba malamin addinin Musulunci, saboda haka in an zo darasin addinin Kirista ko dai ka fita rana ko ka zauna. Ni zama nake yi. A nan na fara jin labarin daga tushe, daga baya kuma wani abokina mai kawo citta daga Kafanchan ya ara mini Littafi Mai Tsarki na Hausa na sake karantawa a tsanake. Cikin littattafan Linjila huɗu da suke wurinsu, biyu ne kawai suka kawo labarin haihuwar, wato Luka da Matiyu, kuma mala'ikun da ke cikinsu ba su yi kama da abokina ba ko kaɗan.

Luka da Zakariya ya fara. Yana cikin Haikali a Urushalima yana ƙona turare sai Jibra'ilu, kamar yadda suke rubuta sunan, ya zo masa da albishir cewa matarsa Alisabatu za ta haifi Yahaya duk da tsufansu. Da ya nuna shakka sai bakinsa ya rufe, bai sake magana ba sai ranar suna. Wanda ya yi karatun allo zai tuna cewa mu ma muna da wannan a Ali Imrana da Suratu Maryam, sai dai a wurinmu kwana uku ne, kuma alama ce da shi ya roƙa. A wata na shida Jibra'ilu ya tafi Nazarat wurin Maryamu. Sai kuma daren haihuwa a Baitalami, inda wani mala'ika da ba a faɗi sunansa ba ya bayyana ga makiyaya masu kwana a daji da tumakinsu, sannan runduna guda ta mala'iku ta bayyana suna yabon Allah.

Abubuwa biyu ne suka ba ni mamaki. Na farko, duk cikin waɗannan wurare ba a ambaci fukafukai ba, ba kuma a ce mala'ika ya tsaya a kan komin dabbobin da aka kwantar da jaririn ba, kamar yadda ake zanawa a katin gaisuwa. Aikinsu kawo saƙo ne su tafi. Malaminmu ya ce kalmar da aka yi amfani da ita a Girkanci ma'anarta ɗan aike, su ma Ibo mmuo ozi suke cewa, wato ruhun aike. Maganar fukafukai kuwa mu ma muna da ita a farkon Suratu Faɗir, bibbiyu da uku-uku da hurhuɗu. Na biyu, ba wanda ya ga mala'ikan ya yi murmushi. Zakariya ya firgita, Maryamu ta damu, makiyaya tsoro ya kama su, kuma kowane karo sai mala'ikan ya fara kwantar wa mutum da hankali kafin ya isar da saƙo. Da na gaya wa Baba haka sai ya ce to wannan ya fi kama da gaskiya a kan yaro mai giɓi.

Kada wani ya ce na ce abu ɗaya ne. Abin da Luka ya ce mala'ikan ya faɗa game da matsayin Annabi Isa (AS), cewa ɗan Allah ne, mu ba mu yarda da shi ba, su kuma shi ne ginshiƙin imaninsu. A Suratu Maryam ba Yusufu, ba makiyaya, gindin dabino ne. Ni da abokina mun sha musu a kan wannan, kowa yana nan a kan bakansa.

Amma mala'ikan da ya fi tsaya mini a rai shi ne na Matiyu. Ba a faɗi sunansa ba, bai zo da haske ba, a mafarki kawai yake zuwa wa Yusufu, har sau uku. Na farko lokacin da Yusufu ya ga wadda zai aura da ciki, ya yi niyyar rabuwa da ita a asirce don kada ya tona mata asiri. Na biyu bayan masana taurari daga gabas sun tafi, ya ce masa ya tashi ya ɗauki yaron da uwarsa su gudu Masar domin sarki Hirudus yana neman kashe yaron, kuma a cikin daren suka kama hanya. Na uku bayan Hirudus ya mutu, ya ce su koma. Wasan da na leƙa ta taga bai kai nan ba, ana ba da kyaututtuka aka tafa aka tashi.

Ranar da malami ya ce in tashi in karanta wurin gudun nan a aji, kasa ƙarasawa na yi. Ga dalili.

Wata biyu bayan sayen yadin nan, ranar 18 ga Fabrairun 2006, rikici ya ɓarke a Maiduguri saboda zanen ɓatancin da wata jarida ta buga a Denmark. Aka ƙona coci-coci, aka kashe Kiristoci, da yawansu Ibo. Ranar Talata 21 ga wata ramuwar gayya ta sauka a kanmu a Anacha. Kafin asubar ranar muka ji ana ƙwanƙwasa ƙofa a hankali. Madam ce. Ta ce, "Alhaji, tashi. Kwashi yara ku tafi yanzu, kada ku jira gari ya waye." Baba ya fara maganar shago, ta ce, "Alhaji, ba shago na zo yi maka magana ba." Ta sa Inna ta cire hijabi, ta ɗaura mata zanenta da ɗankwalinta irin nasu. Mijinta ya zuba mu a motarsa ya kai mu barikin soja, inda kafin yamma jama'a suka cika maƙil. Daga nan aka tsallakar da mu Asaba, muka wuce gida Funtuwa. An wawashe shagon. Mai shayin bakin layinmu, wanda yake ƙara mini madara in Baba ba ya kallo, bai kai bariki ba.

Wata huɗu muka yi a gida. Rannan mijin Madam ya bugo wa Baba waya ya ce gari ya lafa, ɗakinku yana nan ban ba kowa ba, ku dawo.

To da na dawo daga makaranta a ranar da na kasa karatun nan, na ce da Baba ashe Madam mala'ika ce. Ya ce, "Kul! Mala'iku daga haske aka halicce su, ba sa ci ba sa sha, ba wanda zai ƙona musu gida. Madam mutum ce mai 'ya'ya biyar, kuma da an gan ta a ƙofarmu daren nan da ita ma ba ta tsira ba. Kada ka rage mata." Na daɗe ina juya maganar nan. Da farko na ɗauka tsaurin Baba ne irin na ranar yadi, sai daga baya na lura idonsa ne ya kawo ruwa shi ya sa ya juya yana gyara kaya.

Har yau Baba bai canza ra'ayi a kan yi wa mala'ika riga ba, ni ma ban sake leƙa taga ba. Shekaranjiya Madam ta zo shago, ta tsufa, tana dogara sanda. Jikanta ne aka zaɓa bana. Baba ya jawo bandir ɗin fari ya ce, "Madam, na Maryamu ne ko na makiyaya?" Ta ce na makiyaya ne, cikin 'yan rakiya. Ya ce to yadi biyu ya isa. Ta miƙo kuɗi ya ce ta mayar, suka yi ta ja-in-ja kamar kowace shekara, ƙarshe ta ajiye a kan teburi ta fita, ya ce in bi ta da su.

Sai mun haɗu a rubutu na gaba in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.