Me Ya Sa Waƙa Take Ɗaukewa a Cikin Salula?

Yau zancenmu a kan salula ne, da waƙar nan da take ɗaukewa ana tsakiyar jin daɗinta.

Ka san abin da nake nufi. Ka kunna waƙa, ko karatun Alƙur'ani, ko wa'azi. Ka sa waya a aljihu, ka kama aikinka. Can sai ka ji shiru. Ka ciro ta, ka danna, ta ci gaba. Kafin ka yi taku goma ta sake yin shiru. Wani ya ce wayar ta tsufa. Wani ya ce cutarsa aka yi a kasuwa. A ajinmu na manya a Ngelbeli, in an tashi daga karatu, babu tambayar da aka fi kawo mini kamar wannan. Kuma abin ba na wasa ba ne, don kuɗi yake ci. Wanda ya sayar da akuya ya sayi waya, in ya kai ta gyara sau biyu a banza, ya haɗa da ɗan akuyar ke nan.

Bari mu fara da yadda abin yake aiki. Zamanin kaset, waƙa tana cikin kaset ɗin, kamar ruwa a salka. Duk inda ka nufa tana tare da kai. Ta intanet ba haka take ba. Akwai wani ɗan abu a cikin waya da ake kira manhaja, wasu su ce aplikasiyo. Akwai Boomplay, wadda ta fara a Najeriya a 2015, kuma takan zo a cikin wayoyin Tecno da Infinix da itel tun daga kanti. Akwai Audiomack, akwai YouTube, da sauransu. Waƙar da kake ji ta wannan hanya ba a cikin wayarka take zaune ba. Tana can wata ƙasa mai nisa, cikin manyan kwamfutoci. Kaɗan-kaɗan ake aiko maka da ita.

Ka tuna ban ruwa a bakin rijiya. Mai guga yana ja yana zubawa a komi, shanu suna sha. In guga yana zuwa a kan kari, komi ba ya bushewa. In igiya ta yi tsawo, ko mai jan ya gaji, shanu su shanye abin da ke komi, su ɗaga kai suna jira. To, rezo shi ne mai guga. Kunnenka shi ne shanu. Wannan shirun da kake ji, sau da yawa komi ne ya bushe.

Amma ba kullum ba. Don haka in waƙa ta ɗauke, kada ka yi saurin dannawa. Tsaya ka dubi fuskar waya tukuna. Ita da kanta tana faɗa maka abin da ya same ta, kuma ba sai ka iya Faransanci ba. In ka ga ɗan zobe yana juyawa, jira take yi. In ka ga alama mai kusurwa uku, kamar kan mashi yana kallon dama, wani abu ne ya tsayar da ita. In kuwa ka tarar manhajar ta rufe gaba ɗaya, wayar ce ta kashe ta. Kowanne da maganinsa. Makiyayi ba ya yi wa saniya lalas sai ya san inda ciwo yake.

Mu ɗauki zobe, don shi ya fi damunmu a nan. Dubi can saman waya, kusa da ƴan sandunan rezo. Akwai baƙi ko lamba a wurin. Yanzu ka iya karatu, sai ka karanta. In ka ga 4G, guga yana zuwa da sauri. 3G ko H, ba laifi. In ka ga E, to igiya ta yi tsawo. Kira zai shiga, gajeren saƙo zai tafi, amma waƙa sai ta riƙa tsayawa. Mutane da yawa sandunan kaɗai suke dubawa. Sanduna su cika, amma E ce a gefensu, sai mutum ya yi ta zagin wayarsa. Mu da muke arewa da Maine-Sorowa, cikin jigayi, nesa da ƙarfen eriya, mun san wannan. Kana cikin kwari babu komai, ka hau kan jigawa sai saƙonni su yi ta shigowa. Haka kuma ran kasuwa, ko bayan isha'i, in kowa ya kama wayarsa. Rijiya ɗaya ce, masu sha sun yi yawa.

Ku mutanen bakin Komadugu kuna da wata matsala taku ta daban. Daga Maine-Sorowa har Diffa, har Bosso, Najeriya tana kusa ƙwarai, wani wurin kogi kaɗai ya raba. Iska ba ta san iyaka ba. Kana cikin gonar tattasai, sai wayarka ta saki rezon Nijar ta kama na tsallake, mutanen Gaidam da Damasak su ce masa sabis. Megarka ta gida ba lalle ta yi aiki a can ba. Sai waƙa ta tsaya. In ka ga baƙin R ya fito kusa da sanduna, abin da ya faru ke nan. Maganinsa, a shiga wurin gyare-gyaren waya, mai alamar taya mai haƙora, wanda ake kira parametir. A can a zaɓi rezonka da hannu, kada a bar waya tana zaɓa da kanta. Sannan mai sim biyu ya sani, a yawancin wayoyi in kira ya shigo ta ɗaya, intanet ɗin ɗayan yakan yanke sai an gama magana.

Sai mega. Ga lissafi, ka rubuta shi a littafinka. Waƙa mai matsakaicin kyawun sauti tana cin kusan mega 1 a minti 1. Waƙar minti 5, mega 5. Awa guda, kusan mega 60. Giga 1, wato mega 1000, zai ba ka kamar awa 17. Wannan sauti ne kawai. In da hoto mai motsi ne, ya ninka haka sau da yawa. Ina mamakin mai kunna bidiyo ya jefa waya a aljihu. Aljihu yake biya wa kuɗin kallo. A cikin yawancin manhajojin waƙa akwai wurin da ake rage kyawun sauti. Ka rage shi. Mega za ta daɗe, kuma ƙaramin guga ya fi saurin fitowa daga rijiya. A ƙaramar lasifikar waya, da wuya kunnenka ya ji bambanci.

Yanzu mu koma ga kan mashi. Akwai wani dattijo a ajinmu, makiyayi ne, ya fara karatu da furfurarsa. Wata rana bayan darasi ya miƙo mini waya ya ce, "Malam, ka nema mini mai saye. Ko rabin kuɗinta ne a ba ni."

Na ce, "Baba, lafiya? Ai wayar nan sabuwa ce."

Ya ce, "Sabuwar banza. Sau biyu ina kai ta gyara a gari. Na farko ya canja batiri. Na biyu ya wanke ta tas, har hotunan jikokina suka tafi. Ga ta nan, ba ta fasa ba."

Na ce, "Baba, da me kake sauraro?"

Ya ciro igiyar kunne daga aljihu, wadda ake kira ekutar. Na kunna karatun da yake so ba tare da igiyar ba. Muka zauna har aka kira la'asar, bai tsaya ba. Na soka igiyar, na ɗan taɓa gindinta da yatsa, nan take ya yi shiru. Muka haska ramin da tocila. Rairayi ne da zaren aljihu suka cushe a ciki.

Ga dalili. An yi waya ne yadda in an zare abin kunne, sai ta tsayar da sauti, don kada ta tona maka asiri a cikin mutane. In ƙura ta cika ramin, kan igiya ba ya zama daidai. Da ka motsa, waya ta ɗauka an zare, sai ta tsaya. Igiyar da ta karye daga ciki ma haka take yi. A ƙasarmu ta yashi da hunturu, wannan shi ne abin da nake fara dubawa. Ka kashe waya, ka sami busasshen tsinke siriri, ka fito da dattin a hankali. Ban da allura, ban da ruwa, ban da fetur. Baba bai sayar da wayarsa ba. Hotunan jikoki kuwa ba su dawo ba.

Sauran masu tsayar da waƙa ba su da wuyar ganewa. Kira, ko saƙon murya na WhatsApp, sukan tsayar da ita, wani lokaci ba ta tashi sai ka danna. Lasifikar da ba ta da igiya, mai Bluetooth, ba ta wuce kamar mita 10 daga waya, bango kuma yana rage mata. YouTube na kyauta, in ka kashe fuskar waya, tsayawa yake yi. Haka aka yi shi, ba lalacewa ba ce. Akwai kuma ɗaya da take haɗa ƴan'uwa faɗa. Yaro ya saka wa yayansa manhaja da sunansa da lambar sirrinsa. Wasu manhajoji ba sa yarda suna ɗaya ya yi sauraro a waya biyu lokaci guda. Ƙane ya kunna a Diffa, ta yaya ta ɗauke a ruga. Yaya ya danna, ta ƙane ta ɗauke. Su kwana suna ƙwace wa juna, ba wanda ya san da wani. Kowa ya buɗe da sunansa.

In kuwa manhajar ce take rufewa, musamman da zarar fuskar waya ta yi duhu, ka tuhumi mai tsimin batiri. Na san dalilin da ya sa muke kunna shi. Caji a wurinmu kuɗi ne, ko jiran rana ta hau kan faifan sola. Amma aikinsa shi ne ya kashe duk abin da yake motsi a ɓoye, kuma bai san waƙa da sauran tarkace ba. Ba sai ka kashe shi duka ba. Ka shiga parametir, ka nemi batiri. Kalmar a Faransanci ma kusan haka take, za ka gane ta. A nan ake ware manhajar waƙa, a ce wannan a bar ta ta yi aikinta. Su kuma manhajojin nan masu hoton tsintsiya, masu cewa za su share maka waya ta yi sauri, ni ban ga amfaninsu ba. Waƙar suke fara sharewa. Wayar da ta cika da bidiyon da ake turowa ita ma takan gaji, sai ka rage mata kaya. Kada kuma ka manta da zafi. Masu ƙera waya suna cewa ta fi son kada zafi ya wuce digiri 35. A nan kuwa, watan Afrilu da Mayu, ya wuce 40 ko a inuwa. Wayar da aka bari a rana tana caji, tana kuma waƙa, za ta rage ƙarfinta don kada ta ƙone.

Ni dai ga ra'ayina. Mutumin daji bai kamata ya dogara ga guga ba, alhali yana da salka. In ka shiga Maine-Sorowa ko Diffa, inda rezo yake da ƙarfi, ka nemi alamar kibiya mai kallon ƙasa kusa da waƙar. Ita ce ta saukewa, wato telesharje. Ka sauke abin da kake so, ka tafi da shi. Mega sau ɗaya za ka biya, ka ji sau ɗari, ko a inda babu sanda ko ɗaya. Haka nake yi da kiɗan marigayi Malam Maman Barka, mutumin Tesker, wanda ya rasu a 2018. Shi ma malamin makaranta ne kafin duniya ta san shi, kuma ya je ya koyi biram, kayan kiɗan Buduma na tafkin Cadi, lokacin da masu kaɗa shi suka kusa ƙarewa. Irin wannan kiɗa ba na so ya yanke mini a tsakiya. Sai dai ka sani, ba kowace waƙa ake bari a sauke kyauta ba. Wasu manhajoji kuma suna so ka leƙa intanet ko sau ɗaya cikin kwana 30, in ba haka ba su kulle abin da ka sauke.

In ka gwada duk wannan, ɗaya bayan ɗaya, ka kashe waya ka sake kunnawa, abin bai bari ba, to yanzu ne ya kai ga mai gyara. Kafin ka miƙa masa, cire sim da katin memori ka sa a aljihu. Rubuta lambobin mutanenka masu muhimmanci a takarda. Ka faɗa masa alamar da kake gani in waƙa ta tsaya, zobe ne, ko kan mashi, ko rufewa. In ya ce sai an wanke wayar gaba ɗaya, ka ce ya dakata, a kwashe maka hotuna da saƙonni a kati tukuna, kana tsaye kana gani.