Direban Manya

Ba kowane mai riƙe sitiyari ne ya isa ɗaukar manajan kamfani ba. Direban haya lodi yake nema, direban manya kuwa amana aka danƙa masa.

In za a yi taro a Abuja da azahar, tun asuba ya duba mai da taya, ya bar Kano, ya ratsa Zariya da Kaduna, tafiyar fiye da kilomita 400. Maigida na baya yana zancen kwangila a waya. Direba ya ji, amma ko matarsa ba ya gaya wa.

Abin takaici, waɗansu iyayen gida sukan bar shi cikin rana har magariba, ba ci ba hutu. Sa'an nan su ce a koma Kano cikin dare, su miƙe ƙafa su yi barci, alhali gyangyaɗi ya soma ɗaukar mai tuƙa su.