Hirar Yamma a Kan Windows 11

Mu huɗu ne a ɗakin Yaya bayan la'asar, da butar shayi a tsakiya. Hajiya, wadda ke da shagon buga takardu kusa da makaranta, ita ta ɗauko zancen, murya ƙasa-ƙasa.

"Ni fa wannan magana a nan kawai zan iya faɗinta. Kullum kwamfutata sai ta nuna mini wai in koma Windows 11, ni kuma gabana faɗuwa yake. Aikin ɗalibai na shekaru ne a ciki. In ya salwanta, da wane ido zan kalle su?"

Na ce mata tsoronta yana kan hanya, amma zama haka ma ba lafiya ba ne. Microsoft ta daina fitar da gyaran tsaro na kyauta ga Windows 10 tun ranar 14 ga Oktoban 2025. Kwamfutar ba za ta mutu ba, za ta ci gaba da buga takardu kamar kullum, sai dai duk kafar da ɓarayin intanet suka gano daga baya, babu mai toshe ta. Akwai ƙarin wa'adi da kamfanin ya ba masu kwamfutar gida zuwa 13 ga Oktoban 2026, amma sai wanda ya yi rajista.

"To ni tawa ma cewa ta yi ba ta cancanci Windows 11 ba," in ji ƙanwarmu, ɗaliba, wadda ta sayi tokunbo bara.

"Ba ni ita nan, auta."

Muka duba lambar injin: i5-8250U. Na nuna mata 8 ɗin da ke bayan 'yar sandar nan, na ce zubi na takwas ke nan na Intel, kuma daga nan ne Windows 11 ta fara karɓa. Abin da ya hana shi ne TPM 2.0, wani ɓangaren tsaro da ake samu a kashe a kwamfutoci da yawa. Shiga BIOS kawai ake yi a kunna, a injin Intel sunansa PTT, a na AMD kuma fTPM. Mutane nawa suka sayar da kwamfuta mai lafiya da araha saboda wannan ɗan makunni! Abin na ci mini rai.

Yaya ta zuba mana shayi, ta ce, "Ke dai ki gaya wa Hajiya abin da za ta yi, ta samu barci."

Na juya na fuskanci Hajiya sosai, domin nan ne zancen yake. Na ce kafin ta taɓa komai ta kwashe takardunta kaf zuwa filash ko rumbun ajiya na waje, sannan ta cire shi, ta sa a wata kwamfutar, ta buɗe fayil biyu ko uku ta gani da idonta cewa suna buɗuwa. Kwafin da ba a gwada ba, ban yarda da shi ba. Kada kuma ta fara da daddare tana dogaro da wutar NEPA. Ta cika batir, janareto yana gefe da mai, domin wuta ta ɗauke a tsakiyar ɗora manhaja shi ne abin da ya fi lalata aiki. Data ma ta tanada, abin da za a sauke gigabait ne masu yawa.

"Sai kuma makulli," na ce. "Wannan ki riƙe shi da kyau, Hajiya."

Kwamfutoci da dama yanzu suna kulle rumbunsu da BitLocker ba tare da mai su ya ankara ba. Wata rana an taɓa BIOS ko an canza wani ɓangare, sai allo ya yi shuɗi ya nemi lambobi 48. Galibi lambobin suna cikin asusun Microsoft da aka fara shiga kwamfutar da shi. Idan yaron shago ne ya buɗe asusun da adireshinsa ya yi gaba, aikinki ya shiga ɗakin da ba ki da makullinsa, kuma babu mai gyaran da zai fasa miki. Na roƙe ta ta tabbata asusun nata ne, ta kwafi lambobin da biro a takarda, ta ajiye inda take ajiye takardun gida.

Hajiya ta yi shiru, ta ce, "Wallahi ban san adireshin wa ke kai ba."

"To daga nan za mu fara, ba daga Windows 11 ba."

Yaya, wadda ta riga mu komawa, ta ce ita abubuwan da suka dame ta a makon farko ƙanana ne, amma suna sa mutum ya ji baƙo a gidansa. Maɓallin farawa ya dawo tsakiya, hannunta kuwa ya saba da kusurwar hagu. Ta danna dama a kan fayil, sai ta ga an taƙaita jerin, kwafi da liƙi sun zama ƙananan hotuna. Na ce na farkon ana mai da shi hagu a saitin sandar ƙasa, na biyun kuma ta riƙe Shift tana danna dama, tsohon jerin zai fito. Nauyin da kwamfuta ke yi a kwanakin farko ma kada ya tsorata kowa, tana ƙarasa sauke gyare-gyare ne tana jera fayiloli.

"Firinta fa?" in ji Hajiya. "Ita ce abincina."

Na ce ranar da ta gama, kafin ta saurari kowa, ta buga shafi ɗaya, ta gwada sikana, ta danna maɓallin Windows da na tazara ta ga harufanmu masu ƙugiya, ƙ da ɗ da ɓ, suna fitowa. Idan firintar ta ƙi, ta sauke manhajarta daga shafin kamfanin da ya ƙera ta. Idan duk ya ƙi, tana da kwana 10 na komawa Windows 10 ta sashen farfaɗowa a saiti. Sharaɗin dai kada ta bari wani ya goge foldar Windows.old da sunan sama mata fili, domin hanyar komawar tana cikinta.

Auta ta ce ƙawarta tana da kwamfuta zubi na shida, ko ta bi dabarar tsallake sharuɗɗa da ake yi a kasuwa? Na ce ban ba da shawarar haka ga mai aikin digiri a kwamfuta ɗaya tilo ba, tunda Microsoft ba ta yi alkawarin gyara ga irin wannan ba. Gara ta gwada Linux Mint, kyauta ce, tana tafiya da kyau a tsofaffin injuna, kuma ana iya kunna ta daga filash a duba kafin a ɗora.

Hajiya ta ɗauko wayarta ta kira yaron shagon, ta ce gobe da safe ya zo mata da adireshin da kalmar sirrin.