Abin da Fir'auna bai tambaya ba

In aka ɗauko labarin Yusufu na Littafin Farawa, sura 37 zuwa 50, abin da ake yawan ji shi ne rijiya, kurkuku, sai fada. Daga nan a ce kowa ya yi haƙuri, nasa na tafe. Ni dai ina ganin ana tsallake inda tsokar take.

Yana ɗan shekara 17 'yan'uwansa suka sayar da shi ga fataken Isma'ilawa a kan azurfa 20. Sai da ya kai 30 ya tsaya gaban Fir'auna. A tsakani ba zaman jiran cikar mafarki ya yi ba. Fotifar, ubangidansa a Masar, ya damƙa masa ragamar gidansa; da aka jefa shi kurkuku kuma, yari ya bar masa kula da fursunoni. A ganina can ya koyi riƙon dukiya da mutane. Bai iya daɗin baki ba kuwa: mai gasa wa sarki burodi ya kawo mafarkinsa yana sa ran albishir, ya gaya masa kwana 3 suka rage masa a duniya. Mai shayar da sarki, wanda ya ji alheri a fassarar nasa mafarkin, ya fita ya manta da shi shekara 2 cur.

Ku dubi ranar da aka kira shi. Fassarar mafarki kawai Fir'auna ya nema, kan ramammun shanu 7 da suka cinye masu ƙiba 7, da zangarniyoyin hatsi. Yusufu ya mayar da sanin ga Allah, ya ce ƙoshi na shekara 7 na tafe, yunwa ta 7 na bin sa. Da nan ya tsaya, wataƙila riga za a ba shi a sallame shi. Sai ya zarce da abin da ba a tambaye shi ba: a naɗa mai hankali, a karɓi kashi 1 cikin 5 na amfanin gona, a tara a birane. Bayan wannan shawarar ne sarki ya zare zobensa ya sa masa.

Sura 47 ce ba kasafai nake ji a wa'azi ba. Da yunwa ta yi tsanani, Masarawa suka sayi hatsi har kuɗinsu ya ƙare, suka kawo dabbobi, daga baya gonaki da kawunansu. Ƙasar firistoci kaɗai ta tsira. Sun rayu, har godiya suka yi, amma wanda ya san ɗacin bauta shi ya mallaka wa Fir'auna su, kuma har yau wannan na tsaya mini a rai.