Daushe da Ruwan Inabin Faransa

Duk yaron da ya karanta labarin ƙasa ya ji sunan Bordo, wani birni a kudu maso yammacin Faransa, bakin kogin Garon, inda arzikin mutane ya rataya a kan inabi. Giyar da su ke yi da shi haram ce gare mu, ba mu kuwa da abin da za mu ce game da ɗanɗanonta. Abin da ya ja hankalinmu shi ne irin kulawar da su ke yi mata. Ba sa matse inabi iri guda. Akwai wanda su ke kira Kabarne Sobinyon, mai kaurin ɓawo da tsananin bauri, shi ne ke jure daɗewa. Akwai Marlo, mai saurin nuna, mai taushi a baki. Sai su gauraya, wannan ya rufa wa wancan asiri, su zuba a ganga ta itace shekara guda ko biyu, kana su ɗura a kwalba su ajiye, wani lokaci har shekara 20, baurin na kwanciya a hankali. A shekarar 1855, zamanin Sarki Nafoliyon na 3, har rubuta darajojin gidajen da ke yin ta aka yi, aka kasa su aji biyar, ana kuwa aiki da wannan lissafi har yau.

In mun kawo wannan a aji, sai mu ga yara sun riƙe baki, wai Turawa sun san kan abinsu. To, ya ku 'yan makaranta, wa ya gaya muku a nan cikin ganuwar Kano ba a san irin wannan ba? Ku duba aljihun kakanninku.

Goro mu ke nufi. Ba ya tsiro a ƙasarmu, amma ba wanda ya fi Bakano sanin sa. Tarihin Kano ya nuna an buɗe hanyar Gwanja zamanin Sarki Abdullahi Burja, wanda ya yi sarauta daga 1438 zuwa 1452. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari sun riƙa kora jakuna zuwa Salaga, a ƙasar Gana ta yanzu, tafiyar watanni, madugu na gaba. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 sai fatauci ya koma ta Ikko, daga baya kuma Yarabawa suka dasa goron Gwanja a gonakinsu, wajen Shagamu da Agege.

Shi ma goro iri-iri ne. Na Gwanja tsagi biyu gare shi, fari ko ja, sau da yawa kuwa a kwanso guda a ke samun su. Hannunruwa tsaginsa ya fi biyu, ga yauƙi, masana ba su cika kula shi ba. Labuje na ƙasar Nufe kuwa, a da sai gidan sarauta. Ta wajen girma kuma ga goriya, ga marsa, ga minu 'yan ƙanana, waɗanda a ke cika ƙwarya da su ranar suna in aljihu ya yi sanyi.

Amma inda gwaninta ta ke shi ne wajen ajiya. Sabon goro, wanda a ke ɗiba da kaka, ruwa ne jikinsa, baurinsa kuwa na kama harshe. Mai sana'a zai shimfiɗa ganye a huhu, ya jera, ya rufe, ya kai ɗaki mai sanyi. Ba zai bar shi haka ba. Lokaci lokaci sai ya kwance, ya bi su ɗaya ɗaya da hannu, ya sake ganye, ya fid da duk wanda sankara ta taɓa, don ƙwaya guda na iya lalata huhu. (Da sunan wannan ɓarna ce Hausawa ke kiran mugun ciwon nan na daji.) Goron da ya tsallake bazara da damina a haka, har sabo ya zo ya tarar da shi, shi ne daushe. Ka duba shi ba kyan gani, ya ɗan yamutse. Dattijo ya tsaga shi da farce, ya ji ƙarar, ya gutsura, ya yi shiru. Baurin ya kwanta, ɗacin ya zama mai daɗi, in ya kurɓi ruwa bayansa sai ya ji zaƙi kamar an sa zuma. Abin nan mai sa bauri dangi guda ne a goro da ɓawon inabi, Bafaranshe da Bakano abu ɗaya su ke jira ya lafa.

Bambancin da ke ci mana rai shi ne, su sun rubuta nasu. Namu yana bakin tsofaffin dillalai, in ɗaya ya rasu sai a bizne shi da sunayen da ya sani. Bargery ya tsinci waɗansu ya sa a ƙamusunsa na 1934, amma suna kawai ba ya koya wa mutum yadda a ke gane daushe na gaske da sabon da aka shanya don a ruɗi baƙo. Muna da yara a aji waɗanda za su lissafa kogunan Faransa ba gargada, ubanninsu kuwa 'yan goro ne, ba su iya raba marsa da goriya ba.

Saboda haka ga aikin hutu. Kowa ya ɗauki littafi da fensir, ya nufi Kurmi ko kasuwar goro ta Mariri, ya durƙusa ya gai da mai huhu mafi furfura, ya ce, "Baba, karatu na zo ɗauka." Ya tambayi sunan kowane iri da garin da ya fito, da watan da a ke ɗibarsa, da kwana nawa a ke yi kafin a sake ganye. Kada ya tafi hannu sake, ya sayi ko ƙwaya biyu ne.