Daga Jibiya Zuwa Maraɗi: Mai Ƙasa Biyu, Wace Takarda Zai Miƙa?

Duk ɗan fim ɗin da ya taɓa zuwa gala Maraɗi ya san hanyar: a bar Katsina, a bi ta Jibiya, a tsaya Magama wajen jami'an shige-da-fice na Nijeriya, sai Ɗan Isa inda 'yan sanda da jandarmomin Nijar ke jira. Daga nan kuɗi ya koma sefa, allunan kan titi su koma Faransanci. Amma Hausar ita ce dai, tuwon ma shi ne. Ba mamaki, domin Katsinawan da suka bar gida bayan jihadi ne suka kafa sarautar Maraɗi, har gobe ana cewa Sarkin Katsinan Maraɗi.

Saboda wannan zumunci, a industiri akwai waɗanda uba ɗan nan ne, uwa 'yar can. Doka ba ta hana su riƙe ƙasa biyu ba. Sashe na 28 na tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya yarje wa wanda yake ɗan ƙasa ta haihuwa, Nijar kuma ta amince a 2014. To, a kan iyaka wace takarda za a fitar?

Ƙa'idar mai sauƙi ce: kowace ƙasa a nuna mata tata. A Magama a fita da fasfon Nijeriya, a Ɗan Isa a shiga da takardar Nijar, a dawowa a juya. Kowace ta kasance a aljihu, don jami'i na iya neman ganin hatimin fita da ke cikin ɗayar. Wanda ya shiga da wannan ya nemi fita da waccan, shi ake ajiyewa a benci, motar 'yan wasa ta gaji da jira, ga jama'a can sun sayi tikiti.

Abubuwa kuma sun canza. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ce ta ba 'yan yankin damar kwana 90 ba biza. Bayan juyin mulkin Yuli 2023 an rufe iyakar, sai Maris 2024 aka buɗe. Ranar 29 ga Janairu 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso suka fice daga ƙungiyar, suka fito da fasfonsu na AES. Ɓangarorin biyu sun sanar cewa za a ci gaba da zirga-zirga ba biza, amma “ai duk ɗaya muke” ba takarda ba ce. Fasfo mai rai ya fi kwanciyar hankali, a haɗa da katin rigakafin shawara.

Sai batun suna. Musa a Kano shi ne Moussa a Maraɗi, Usman shi ne Ousmane. Mai zuwa Umara ko Dubai ya tabbata sunan da ke tikitinsa ya dace da fasfon da aka yi masa biza da shi, da shi zai shiga, da shi zai fito.

A kula kuma: mai ƙasa biyu in ya taka Nijar, Banijare ne a idon hukuma. In rigima ta taso, da wuya ofishin jakadancin Nijeriya ya iya tsaya masa.

Don haka furodusoshi, kafin a loda kyamara a bas, a fara duba takardun yara.