Afnan ko Aunan?

1/ Ku da kuke shirin raɗa wa 'ya'yanku sunayen yayi, ku matso. Kafin a yanka rago, ku kai sunan bakin tsohuwar gidanku ku ji yadda zai fito. Zare ne, ku yi haƙuri da tsawonsa.

2/ 'Yar yayana sunanta Afnan. A Maigatari aka haife ta, ran Alhamis, ranar kasuwa, gari cike da shanu da raƙuman Nijar. Lokacin da nake firamare a Gumel ban taɓa jin mai wannan suna ba. Yanzu in ka leƙa Facebook sai ka ga ana ta raɗa shi a Kano da Dutse, mata har da maza. Amma a unguwarmu har yau ita kaɗai ce.

3/ Sunan ba shi da laifi ko kaɗan. Larabci ne, kalmar tana cikin Suratur Rahman aya ta 48, ma'anarta rassan bishiya. Liman da ya ji cewa ya yi madalla, Allah ya raya.

4/ Inna ce, mahaifiyarmu, bakinta ya ƙi. Duk yadda aka yi sai ta ce "Aunan". Matar yayana ta dinga gyara mata: "Inna, Af-nan ake cewa." Sau ɗaya, sau biyu, har a gaban 'yan barka. Yaran gida kuma suka samu abin dariya, wai me za a auna, gero ko dawa?

5/ Daga ranar Inna ta daina kiran sunan. Ta koma ce mata Lami, tunda ran Alhamis ta zo duniya. Ba ta yi faɗa ba, ba ta ce wa kowa komai ba. Amma mu da muka san ta mun san abin ya yi mata ciwo. Jikarta ta fari ce fa.

6/ Abin da ke ba ni haushi, Inna ba kuskure ta yi ba wallahi, Hausa ta yi. Bakinmu na gabas ba ya son b ko f ko m su tokare a gaban wani baƙi, sai ya mai da su "u". Basakkwace ya ce zamna, mu mu ce zauna. Ya ce sabka, mu ce sauka. Haka Abdu ya zama Audu, har aka yi gwamna Audu Bako daga 1967 zuwa 1975, lokacin Gumel tana cikin jihar Kano. Wa ya taɓa tare shi ya ce ranka ya daɗe, sunanka ba daidai ba ne?

7/ Sulaiman ya koma Sule, ga Sule Tankarkar nan a allon hanya. Khadija ta zama Hadiza, ta zama Dije. Abubakar a nan Habu ne ko Garba, Barebari su ce Bukar. Kakanninmu ne suka lanƙwasa su har suka zama namu. Yau mu da muka ɗan yi boko da Islamiyya muke jin kunyar lanƙwasar.

8/ Inda nake bayan matar yayana ɗari bisa ɗari shi ne takarda. Danginta na uwa suna Dungas, ƙetaren iyaka, can kuwa rubutun Faransanci ne: Usman ya zama Ousmane, A'isha ta zama Aïchatou. Da suka turo barka, "Afnane" suka rubuta. Wanda ya cike katin rigakafi kuma yadda kunnensa ya ji ya sa, "Afunan". Takardar haihuwa Afnan. Yarinya ko zama ba ta fara ba, rubutun sunanta uku.

9/ Wannan ba abin dariya ba ne. Tun 2021 ba ka yin rajistar JAMB sai da NIN, kuma harafi ɗaya in ya saɓa tsakanin takardunka, ka shiga zaryar rantsuwar kotu ke nan. Yayana bai jira ba, ya koma aka gyara katin.

10/ A gida dai ya raba gardama: kowa ya kira da bakinsa, kada a sake gyara wa Inna. Ita kuwa ta ƙi komawa. Yanzu yarinyar ta fara rarrafe, in uwarta ta ce Afnan sai ta ga dama, in Inna ta ce Lami daga bakin ɗaki tuni ta juyo tana dariya.

Ku a gidanku wane suna kaka ta lanƙwasa, ya kuma koma?